Agogon da Zai Iya Cewa "Huɗu Saura Kwata"

A farkon shekarun 1930, cibiyar nazarin taurari ta birnin Paris layin tarho ɗaya tak gare ta, kuma mutanen gari sun mayar da shi wurin tambayar lokaci. Wannan ya bugo, ma'aikaci ya dubi agogo ya faɗa masa, kafin ya ajiye kan tarho wani ya sake bugowa. Shugaban cibiyar, Ernest Esclangon, in bukatar yin waya ta taso masa sai ya tarar da layi a cike. Da abin ya ishe shi, sai ya sa aka ƙera na'urar da za ta riƙa amsawa da kanta, da muryar wani mai gabatar da shirye-shiryen rediyo, Marcel Laporte, wadda aka naɗa da irin dabarar da ake sa wa fim sauti. Ranar 14 ga Fabrairu, 1933 aka buɗe ta. Kira kusan 140,000 aka yi a ranar farko, layukan da aka tanada kuwa ba su iya ɗaukar fiye da 20,000 ba. Wannan agogo mai magana ya yi wa Faransawa hidima shekara 89, sai ranar 1 ga Yuli, 2022 aka rufe shi.

Ingila ta biyo baya a 1936. Hukumar gidan waya ta shirya gasa tsakanin mata masu haɗa layin tarho su 15,000, wata mai suna Ethel Jane Cain ta yi nasara, aka naɗi muryarta a kan faya-fayan gilashi. Ba a sa ta karanta kowane lokaci na yini ɗaya bayan ɗaya ba. Awoyi daban aka naɗa, mintoci daban, daƙiƙoƙi daban, na'ura ce ke zaɓo guntayen ta jera su duk bayan daƙiƙa goma.

Abin da a wancan zamani ya ci ɗaki guda cike da injuna da wayoyi, yau matashin da ya fara koyon rubuta manhaja zai iya haɗa shi a kan tsohuwar kwamfutar gwanjo, ba tare da ya sayi ko data ba in ya riga ya sauke kayan aikinsa. Kuma ya dace ya yi. Masu koyo da yawa suna da wata ɗabi'a: mako biyu da fara koyon harshen rubuta manhaja na Python, sai a ji yaro yana shirin gina abin da zai kori Facebook daga kasuwa. Bayan wata uku babu manhajar, babu kuma sha'awar koyon. Ɗan ƙaramin agogo da zai zauna a kusurwar fuskar kwamfuta, yana nuna lokaci, yana kuma faɗarsa da baki, aiki ne da ake iya gamawa. Amma ƙanƙantarsa yaudara ce. A cikinsa akwai zane, akwai sauti, akwai lissafi, akwai nahawun Hausa, akwai kuma tambayar da ta fi duk waɗannan wuya: yaushe ya kamata na'ura ta yi shiru?

Zanen shi ne mafi sauƙi, bai kamata a ɓata masa lokaci ba. Python na zuwa da tkinter, wanda da layi kaɗan zai buɗe 'yar taga, ya rubuta lambobi manya a ciki, ya cire mata kan taga, ya sa ta tsaya a saman sauran tagogi. Wanda ya fi sabawa da shafukan intanet zai iya yin haka da JavaScript. Irin waɗannan ƙananan manhajoji na gefen allo sun taɓa yin tashe: Apple ya kawo nasa a 2005, Microsoft ya sa su cikin Windows Vista da Windows 7. A 2012 Microsoft da kansa ya shawarci jama'a su kashe su, saboda 'yar manhajar da aka sauko daga wurin da ba a sani ba tana iya samun ikon da mai kwamfutar yake da shi, ta yi ɓarna a ɓoye. Darasin bai tsufa ba. Agogo ba shi da dalilin neman shiga intanet ko buɗe fayilolin mutum, kuma mai gina shi ya tabbata bai kwafo umarnin da bai fahimta ba daga wani wuri ya liƙa.

Murya ce inda labari ke fara daɗi. Kowace kwamfuta ta zamani tana da injin magana a cikinta. Windows na da SAPI, Mac na da umarnin say, masu Linux kuma suna da eSpeak, wanda wani Bature ɗan Ingila, Jonathan Duddington, ya rubuta ya bayar kyauta. Akwai ƙunshin umarni mai suna pyttsx3 da ke ba Python damar yin magana da kowannensu, kuma ba ya bukatar intanet. Layi uku ko huɗu, kwamfuta ta buɗe baki. Ranar da mai koyo ya fara jin haka, sai ya kira duk mutanen gida su zo su ji.

Murnar takan ragu da zarar ya rubuta mata Hausa. Muryoyin da ke zuwa da kwamfuta galibi na Turanci ne, kuma da dokokin Turanci za su karanta duk abin da aka ba su. "Ƙarfe huɗu" zai fito kamar baƙon da ya sauka jiya. Wani lokaci ma harafin ƙ da ɗ tsallake su muryar za ta yi, ko ta kira su da wani suna daban, musamman in ba a adana fayil ɗin da tsarin UTF-8 ba. Ko da an samu injin da ya san haruffan, akwai sauran aiki, domin rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya kuma nuna hawa da saukar murya. "Tara" a takarda abu uku ne: lambar da ke bin takwas, tara kaya wuri ɗaya, da tarar da alƙali ke ci. Bahaushe na rarrabe su ba tare da ya yi tunani ba. Na'ura sai an koya mata, in ba haka ba agogo ya riƙa cin mutane tara kullum da safe.

An samu ci gaba, ba a musu. A 2023 kamfanin Meta ya saki injunan magana na harsuna fiye da 1,100, har da Hausa, waɗanda aka horar da su galibi da karatun Sabon Alkawari da aka naɗa a waɗannan harsuna. Shirin Common Voice na Mozilla, wanda aka fara a 2017, yana tattara muryoyin masu sa kai, kuma Hausa na ciki. Sai dai irin waɗannan injuna suna da nauyi ga tsohuwar kwamfuta, kuma lasisin na Meta bai yarda a yi kasuwanci da shi ba. Mai dabara zai iya sa injin ya karanta jimlolin da yake so sau ɗaya, ya adana su a matsayin fayilolin sauti, agogon ya riƙa kunna su kawai. Ya rubuta masa lambobin da kalmomi, "goma sha ɗaya" maimakon 11, ya kuma saurari kowace jimla da kunnensa kafin ya yarda da ita.

Amma ga mai farawa, hanyar Jane Cain ta fi. Agogo ba mai surutu ba ne, kalmominsa ƙidayayyu ne. Yini yana da minti 1,440, sai dai ba a bukatar naɗar jimla 1,440. A lissafa: ɗaya zuwa goma, kalma goma ke nan. A ƙara "sha" da "ashirin". A ƙara "ƙarfe", "da", "saura", "minti", "kwata", "rabi", "daidai". Sai "na safe", "na rana", "na yamma", "na dare", "na asuba". Duka-duka ba su kai talatin ba. Ba a ma bukatar talatin da arba'in da hamsin, domin mai jin Hausa in lokaci ya wuce rabi, juyawa yake ya fara ƙirga abin da ya saura. Wayar hannu mai makirufo mai kyau, ɗaki mai labule da katifa da za su shanye amsa-kuwwa, fanka a kashe, a jira janareton maƙwabta ya yi shiru, sai manhajar Audacity ta kyauta don yanka sautin. Aikin yamma ɗaya ne.

A nan ne kunne ke fara koya wa mutum abin da littafi bai faɗa masa ba. In aka naɗi kowace kalma ita kaɗai aka jera, abin da zai fito daidai ne a nahawu, amma babu ɗan Adam da ke magana haka. Dalili shi ne muryar mai magana da Hausa sauka take yi sannu a hankali daga farkon jimla zuwa ƙarshenta. "Biyar" ɗin da ke cikin "ƙarfe biyar da kwata" yana sama, yana kuma nuna akwai sauran magana. "Biyar" ɗin da ke rufe "saura minti biyar" ya riga ya sauko, ya zauna. In aka ɗauki ɗaya aka sa a gurbin ɗayan, sai abin ya zama kamar rigar da tela ya haɗa da ƙyallaye masu launi ɗaya amma saƙa daban: daga nesa lafiya lau, a kusa kowane ɗinki a fili. Maganin shi ne a sa mai muryar ya karanta cikakkun jimloli, a yanko guntayen daga ciki. Kuma gara a yanko su manya: "ƙarfe uku" a haɗe guda goma sha biyu, sannan "da minti goma", "saura minti goma" da 'yan'uwansu a haɗe. Fayiloli za su ƙaru zuwa saba'in da wani abu, amma ɗinkin zai ragu zuwa wuri ɗaya ko biyu.

Sai lissafi. Kwamfuta awa 0 zuwa 23 ta sani, minti 0 zuwa 59. Da ƙarfe 15:45, mai gaggawa zai sa agogonsa ya ce "ƙarfe goma sha biyar da minti arba'in da biyar". A ce ya kai wa kawunsa ya ji. Dattijon zai saurara, ya yi shiru, sannan ya ce, "To, ɗana, Allah Ya yi albarka. Amma wannan a bariki ya yi karatu? La'asar ta yi ko ba ta yi ba?" Abin da kawu ke jira shi ne "ƙarfe huɗu saura kwata". Wato da zarar minti ya haura talatin, dole manhaja ta ƙara ɗaya a kan awa, ta kuma debe mintin daga sittin. Daga nan ƙananan tarkuna ke ɓullowa ɗaya bayan ɗaya. Da 12:45, awa ta gaba ba goma sha uku ba ce, ɗaya ce. Da tsakar dare kwamfuta 0 take bayarwa, in ba a kula ba agogo zai nemi fayil ɗin "ƙarfe sifiri", bai same shi ba, ya tsaya cik. Irin wannan kuskure ba ya bayyana da rana lokacin da mai gini ke zaune yana gwaji. Sai kowa ya yi barci yake fitowa.

Don haka kada a jira agogon bango ya zagayo kafin a gwada. A ware sashen da ke mayar da lambobi zuwa jimla, ya zama abu mai zaman kansa: a ba shi awa da minti, ya mayar da rubutu. Sai a sa kwamfuta ta zuba masa duk mintoci 1,440 a jere, ta buga sakamakon a fayil, mutum ya zauna ya karanta. Cikin 'yan mintoci zai ga duk inda maganar ta karkace. Wanda ya koyi wannan ɗabi'a a kan agogo, ya koyi abin da manyan kamfanoni ke biyan albashi a kansa.

Akwai kuma abin da lissafi ba zai yanke ba. Ƙarfe bakwai na yamma ne ko na dare? Ƙarfe biyar na asuba ne ko na safe? Yaushe rana ke miƙa wa yamma? A bakin mutane waɗannan iyakoki da salla suke tafiya, azahar da la'asar da magariba, su kuma suna matsawa gaba da baya tsakanin damina da hunturu. Babu amsa ɗaya. Mai gini ya tambayi mutum uku ko huɗu da suka girme shi, ya zaɓi abin da ya fi rinjaye, ya kuma bar wa mai amfani damar canzawa.

Wani tarkon a cikin bugun agogon yake. Dabarar farko da ke zuwa wa kowa ita ce a ce wa manhaja ta yi barcin daƙiƙa sittin, ta farka, ta ƙara minti ɗaya. Ba ta aiki. Kowane zagaye yana cin ɗan lokaci fiye da sittin, kuma waɗannan ɓurɓushi suna taruwa har agogo ya koma baya. Abin yi shi ne manhaja ta riƙa tambayar agogon kwamfutar kanta sau da yawa, ta kuma riƙe a ranta lokacin ƙarshe da ta sanar, don kada ta ce "ƙarfe tara daidai" sau sittin cikin minti ɗaya. Haka nan yayin da murya ke fita, in ba a ware mata nata layin aiki ba, lambobin da ke allo daskarewa za su yi har ta gama. In kuma an rufe kwamfuta da azahar aka buɗe bayan isha, kada agogo ya tashi yana biyan bashin awoyin da suka wuce.

Duk wannan wahala banza ce in agogon kwamfutar kansa ƙarya yake yi. Na'urar Esclangon da agogon masana taurari aka ɗaure ta, shi ya sa aka amince da ita. Kwamfutar gwanjo kuwa sau da yawa ɗan batirin da ke riƙe mata lokaci, mai kama da kwabo, wanda ake kira CR2032, ya riga ya mutu, duk sanda aka kashe ta sai ta farka a wata shekara ta daban. Wata kuma da saitin Landan take zuwa. Wannan ya fi haɗari, domin daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Ingila da na Najeriya da Nijar daidai suke, babu wanda zai lura. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba sai Turawa su mayar da nasu baya da awa ɗaya, kwamfutar ta bi su, agogo ya ci gaba da faɗar lokacin da ba shi ba da cikakkiyar murya. Mai sauraren rediyo ya saba jin ana cewa agogon GMT da agogon Najeriya da Nijar. Mai gina manhaja ya san Kumasi tana bayan Kano da awa ɗaya, Khartum tana gabanta da awa ɗaya, ya kuma sa agogonsa ya bi saitin kwamfutar da yake kai, ba saitin garinsu ba. In ya ga shekarar da kwamfuta ta bayar ba mai yiwuwa ba ce, ya sa agogon ya ce a gyara lokaci. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

To, wa zai yi amfani da shi? Mai ido lafiya kallo ɗaya ya ishe shi. Agogo mai magana na wanda idonsa ya yi rauni ne, ko wanda ba ya gani sam, ko wanda hannunsa da idonsa ke kan wani aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum aƙalla biliyan 2.2 ne ke da matsalar gani ta kusa ko ta nesa. Kuma makafi ba jira suka yi a yi musu ba. Manhajar karanta allo ta NVDA, wadda ake amfani da ita kyauta a duniya, makafi biyu ne 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka gina ta tun daga 2006, kuma da Python ɗin nan da yara ke koyo aka rubuta mafi yawanta. A cikinta, danna maɓalli biyu ya isa a ji lokaci, a sake dannawa da sauri a ji kwanan wata. Mai gini ya lura da wannan: mutum ne ke tambaya, na'ura ta amsa. Agogon da sai an nemo shi da linzamin kwamfuta an danna wani ɗan hoto, bai amfani makaho da komai ba. Dole a samu maɓallin da zai yi aiki ko wace taga ce a buɗe.

Sanarwar da ke zuwa da kanta kuwa a yi ta da kunya. Kwamfutocin Mac suna ba da zaɓi uku ne kawai: kowace awa, kowane rabin awa, ko kowace kwata, kuma a kashe abin yake zuwa sai wanda ya so ya kunna. Agogon da ya yi magana ana tsakiyar salla, ko ana ganawa da baƙo, ko ƙarfe biyu na dare jariri ya samu barci da ƙyar, ranar za a goge shi. A sa masa lokutan shiru, a sa masa maɓallin rufe baki, a bar ƙarar a hannun mai shi. Matashin da ke Kano zai iya neman izini a makarantar masu bukata ta musamman da ke Tudun Maliki, ko ya sami wani makaho mai amfani da kwamfuta a unguwarsu, ya ba shi abin ya zauna gefe ya kama bakinsa. Zai iya jin abin da bai zata ba, misali cewa muryar ta cika jan rai, domin waɗanda suka saba da manhajar karanta allo da sauri ƙwarai suke sauraro.

Muryar ma tana da mai ita. Jane Cain gini goma aka ba ta, kuɗin Ingila na lokacin, aka yi shekara 27 ana jin ta. Wata Ba'amurkiya, Susan Bennett, ta bayyana a 2013 cewa a 2005 ta yi wata guda tana karanta wa wani kamfani jimloli, ba ta san inda za su ƙare ba sai da Apple ya fito da manhajarsa mai magana, Siri, a 2011 wani abokin aiki ya ce mata ya ji kamar muryarta. Wanda zai naɗi ƙanwarsa ko malaminsa ya gaya musu gaskiya tun farko: ina muryar za ta je, kyauta za a raba ko sayarwa za a yi, kuma suna so a ambaci sunansu ko a'a. A rubuta a takarda ko da layi biyar ne. Yanzu da ake iya kwaikwayon muryar mutum daga ɗan gajeren sauti, wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma zumunci ya sha lalacewa a kan abin da bai kai haka ba.

In agogo ya fara aiki, buƙatu za su biyo baya, kuma ta farko kusan kullum ita ce kwanan wata. Na Bature mai sauƙi ne: ranaku bakwai, watanni goma sha biyu, lambobi zuwa talatin da ɗaya. Na Musulunci shi ne mai aiki. Akwai hanyoyin lissafa shi, amma a Najeriya sanarwar fadar Sarkin Musulmi ake jira bayan an ga wata, kuma lissafi na iya saɓawa da ganin ido da kwana ɗaya, wani lokaci Nijar da Najeriya ma su bambanta. Ga shi kuma kwanan yana sauyawa ne da faɗuwar rana, ba da tsakar dare ba. Windows kanta ta tanadi wurin ƙara ko rage kwana a kalandar Hijira saboda wannan dalili. Mai gini ya yi koyi da haka: maɓalli ɗaya na ƙara kwana, ɗaya na ragewa, dukansu a kan madannai inda yatsa zai same su, kuma bayan kowane gyara agogon ya faɗi sabon kwanan da baki don mai shi ya tabbatar.